Shaidar da Ta Tashi da Fiffike

Ran Litinin da hantsi mutanen Mashigin Tolliver suka dawo daga taron wa'azin kwana biyu a ƙetaren kogi, suka tarar Itacen Shaida ba ya nan. Inda yake tsaye a da, sai kututture iya cinya, samansa baƙi ƙirin, da tulin toka mai sauran ɗumi a gefe.

Keken shanun farko ya tsaya, na baya ma suka tsaya. Mutane suka sauko suka kewaye kututturen. Shekara ashirin da uku ke nan da masu awon ƙasa suka fere ɓawon itacen nan daidai ƙirjin mutum, suka sassaƙa alamarsu, suka ce daga nan zuwa kudu Missouri ce, inda ake sayen mutum a sayar, daga nan zuwa arewa kuwa, ƙasar da yanzu ake kira Iowa, doka ba ta san bawa ba. Manya a birane suna ta ja-in-ja kan a matsa iyakar ko kada a matsa, amma kafin su gama, da tsohuwar alamar alƙalai ke aiki. Sauran alamomin kusa duk sun ruɓe, ko gobarar daji ta cinye su. Wannan kaɗai ya rage.

Mahala ta sauko daga keken ƙarshe, 'yarta Suki a kafaɗa. Taku ɗari biyu ne tsakanin kututturen da ƙofar ɗakinta ta wajen arewa, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san nauyin takun nan. Shekara biyar da suka wuce Tsoho Rudd ya taho da ita daga Missouri tana baiwarsa, ya kafa gida arewa da itacen saboda idon ruwan da ke wurin, zaman nan kuma shi ya 'yanta ta a doka. Da bazara ya rasu, ya bar mata ɗakin da 'yar gonar. Ko makoki ba a watse ba, ɗan ƙanensa Garland Rudd ya kai ƙara, wai iyakar gaskiya rafin da ke bayan gidan ne, saboda haka gidan a Missouri yake, Mahala da abin da ta haifa gadonsa ne. Alƙali zai iso ran Alhamis. Mijinta Isom yana can wajen haƙar dalma, tafiyar kwana goma. Itacen nan shi ne dukan hujjarta.

Dattijo Elihu Pettibone ne ya fara ɗaga murya. Ɗan Arewa ne, daga can jihohin arewa maso gabas ya yi ƙaura, mai jan waƙa a coci, wanda ko ƙusar da ta lanƙwashe ba ya yarwa sai ya miƙe ta. Ya nuna tokar da sandarsa, ya ce wannan aikin 'yan Kudu ne, mutanen da suka saba cin gumin wani ba za su ji nauyin sare itace ba. 'Yan Kudun da ke cikin ayarin suka hayayyaƙo, suka ce ai cikin itacen akwai zuma, kuma duniya ta san wa ke iya sayar da takalmin uwarsa in an taya. Kan ka ce kwabo, mutanen da suka kwana biyu suna waƙa da baki ɗaya sun rabu gida biyu, kowane ɓangare ya koma nasa gefen kututturen.

Inna Keziah Tolliver, gwauruwar da ke riƙe da kwalekwalen fito da masaukin baƙi, 'yar Kentucky ce gaba da baya, wato 'yar Kudu. Ta dubi Elihu sama da ƙasa.

"Dattijo, ka rage murya kada waƙar Lahadi ta rasa mai ja. Kai ka ga wanda ya sare?"

Ana cikin haka wani ya tsinci tukunyar taba a bakin tokar. Kowa ya gane ta. Ta Baba Lemuel ce, tsohon mai farautar zuma, wanda bai je wa'azi ba bana, bai je bara ba. Nan take ɓangarorin biyu suka sami abin da suka yarda a kansa.

* * *

Mahala ta koma gefe. Ta jira har aka watse, sannan ta ɗaure Suki a baya da mayafi, duk da yarinyar ta kusa shekara huɗu kuma tana ta cewa ita fa ta girma, ta durƙusa a bakin tokar.

Mahaifinta mai bin zuma ne, shi ya koya mata sawu, na ƙasa da na sama. Yakan ce mutum na iya share sawunsa da reshe, amma ba ya iya share abin da bai san ya bari ba.

Ta tona tokar da tsinke har ƙasa. Itacen yana da kogo, kuma cikin kogon akwai zuman da ita ta fara gani shekara uku da suka wuce, ta sa wa itacen alamarta kamar yadda aka saba, don kowa ya san yana da mai shi. In da an ƙona kogon, da kakin ya narke ya daskare a ƙasa, da wurin ya cika da ƙaurinsa har kwana uku. Ba ta sami ko ɗigo ba. Gawar ƙudan ma ba su fi cikin tafi ba.

Ta sami garin katako a wuri biyu: tuli ɗaya a gindin kututturen, ɗaya kuma can gaba, tsawon mutum tsakaninsu. Wato bayan itacen ya faɗi an sake yanka shi. Wanda zai ƙona abu me ya kai shi wahalar yanka shi sau biyu? Yankan kuma na zarto mai hannu biyu ne, wanda mutum ɗaya ba ya ja. Ta shafa saman kututturen. Gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen kuwa duk karkace da tsalle, kamar wanda ya riƙe can bai taɓa yanka abin da ya fi burodi tauri ba.

Akwai sawun abin da aka ja a ƙasa, an bi an share da reshe, ya gangara cikin rafi ya ɓace. Ta bi gaɓa sama da ƙasa, dutse ne ko'ina. Ta dawo hannu rabbana.

Suki ce ta zungure ta da ƙafa, ta ce ga ƙudan can sun rasa ƙofar gidansu. Mahala ta ɗaga kai. Ƙudan zuma kamar talatin suna kewaya iska daidai inda bakin kogon yake a da, su zo su juya, su koma su dawo.

* * *

Baba Lemuel yana zaune a ƙofar bukkarsa yana gyaran tarko da ta iso. Bai musa cewa ya je wurin ba. Ya ce da yammacin Lahadi ya hango hayaƙi, ya tarar aikin gama ya gama, ya ga zuma ta ɗan zuba a ganye ya kankare da cokali, kuma da ya sunkuya ne tukunyar tabar ta faɗi. In shan zumar ƙasa laifi ne, to a rataye shi tare da tururuwa.

"Amma ke ma kin san ni, 'yar nan. Na sha giyar mutane, na ci kajin mutane. Itacen da ke da alamar wani kuwa, ban taɓa sa masa gatari ba. Wannan ko beyar, dabbar dajin nan mai satar zuma, da kunya za ta yi."

Ta dubi hannuwansa, suna rawa kamar ganye. Wannan ba zai ja zarto ya kai rabin itacen ba. Ta tambaye shi zarto mai hannu biyu nawa ne a Mashigi. Ya ƙirga da yatsa: na Keziah, wanda tsatsa ta cinye tun rasuwar mijinta, da na Dattijo Elihu, da na masu injin niƙa, wanda kowa ke ara ba mai mayarwa. Kafin ta tafi ta gaya masa maganar ƙudan da ke kewaya iska. Tsohon ya ajiye tarkon, ya dube ta da kyau. Ya ce gobe ta sake dubawa. In sun ragu, marayu ne, gidansu ya ƙone. In sun ƙaru, to uwarsu na nan da rai a wani wuri kusa, tsofaffin ne ke fita kiwo suna mantawa suna komawa tsohon gida.

* * *

A masaukin Keziah ta tarar da Garland Rudd yana cin naman alade da wainar masara. Ta tsaya daga bakin ƙofar baya, Suki a bayanta, ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata gaishe da irinsu. Ta tambayi inda ya kwana ran Asabar.

Ya yi dariya, ya ce duniya ta lalace tunda kaya ke tuhumar mai kaya. Amma zai faɗa, don ba shi da abin ɓoyo. Mutum ɗari sun ga yadda shi da munafukin nan Pettibone suka kusa dambe a gaban mai wa'azi ran Asabar da rana, kan maganar bayi. Shi ya hau dokinsa ya yi kudu wurin abokinsa, Pettibone ya yi arewa yana tsine masa. In ba ta yarda ba, ta je ta tambayi kowa.

Ya nuna Suki da wuƙar cin abincinsa. "Ki wanke mata kaya kafin Alhamis, ke yarinya. Hanya da nisa."

Mahala ta ji hannun Suki ya ƙanƙame wuyanta. Idonta yana kan hannuwansa: ana wannan zafi na ƙarshen damina, mutum yana cin abinci da safar hannu ta fata, kuma yana riƙe wuƙar da 'yan yatsu kamar mai tsoron ta.

To, ga mai karkataccen yanka. Saura gwanin. Ta kwana tana jera 'yan Kudu a ranta ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuwa ta tuna ta gan shi a wurin wa'azi har aka tashi.

* * *

Ran Talata da safe ƙudan da ke kewaya kututturen sun ninka. Tana tsaye tana kallonsu Dattijo Elihu ya iso da 'yar jakar tuffa, ya miƙa wa Suki ɗaya. Ya jajanta ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya rage murya ya ce shi dai shawara ya kawo, don ba ya son ganin abin da zai faru ran Alhamis. Ba alama, ba hujja, kuma ta sani doka ko a nan Arewa ba ta karɓar shaidar baƙar fata a kan fari. Gara ta ɗauki yarinyar ta yi arewa tun da sauran kwana biyu. Zai ba ta alfadari da sunan mutanen kirki a hanya. Gidan da gonar kuwa kada ta damu, shi zai kula da su.

Maganar ta shige ta, don ita ma ta kwana da ita. Amma ta san in ta gudu ta zama baiwar da ta gudu, ita da Suki har abada, kowane mai doki da igiya yana da ikon bin su. Ta yi godiya, ta ce za ta yi tunani. Da zai tafi ya tsaya ya sha ruwa a idon ruwan, ya daɗe yana kallonsa. Rijiyarsa ta ƙafe tun watan jiya, shanunsa sai an kora su mil biyu. Mahala ta lura, ta kuma ji kunyar zargin da ya ɗarsu a ranta. Mutumin da ya kusa dambe saboda irinta.

* * *

Aikin da ke gabanta ba ya yiwuwa da goyo. Sai an yi gudu, a tsallake shinge, a kwanta cikin ciyawa. Tun ranar da Garland ya kai ƙara ba ta bar Suki ta ɓace wa idonta ba, ko bayan gida tare suke zuwa. Ta tsaya a ƙofar Keziah da yarinyar a hannu, ta kasa shiga, ta kasa juyawa. Matar nan a gidan masu bayi aka haife ta, kuma Garland a ɗakinta na sama yake kwana.

Keziah ta gane. Ta goge hannu a zanen gabanta, ta ɗauko tsohuwar bindigar mijinta daga saman ƙofa ta jingine kusa da murhu.

"Kawo ta, Mahala. Na binne 'ya'ya biyu, na san nauyin abin da za ki ba ni. Wanda zai taɓa ta sai ya bi ta kaina, ni kuwa kin ga faɗina."

Mahala ta durƙusa ta gyara wa Suki igiyar hula, ta ce ta zauna kusa da Inna, kada ta karɓi komai a hannun kowa, kada ta hau bene. Ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Ta ɗauko akwatin mahaifinta, ɗan ƙarami iya tafin hannu biyu, mai murfin ja. Ta sa guntun saƙar zuma a ciki, ta ɗora a kan kututturen, ta zauna da ƙullin garin alkama a cinya. Ƙuda in ya ƙoshi ba ya yawo: ya tashi, ya kewaya sau biyu ko uku, ya miƙe gida kamar an ja zare. Ita kuwa ta san kowane zare a kwarin nan. Masu yin gabas na Baba Lemuel ne. Masu yin yamma na wani itace ne a bakin kogi. Waɗanda ke kewaya iska ba su zuwa ko'ina. Ta yi ta barbaɗa gari a bayan masu shan zumar don ta gane su, tana binsu da ido, har wuyanta ya ƙage.

Rana ta take tsaka sai ga wani ya tashi, ya kewaya, ya yi arewa maso gabas.

Babu zuma a can. Amya biyun da ke wajen sanyin bara ya kashe su, mai su kuma ya yi ta kukan asarar har bikin Ista. Ta jira. Farin ƙudan ya dawo kafin ta gama addu'ar Ubangiji sau goma, da 'yan'uwa biyu a bayansa. Kusa ne ke nan, bai kai mil biyu ba. Ta rufe akwatin da wasu a ciki, ta bi zaren taku ɗari biyar, ta buɗe. Suka sake miƙewa. Ta matsa, ta sake buɗewa. A karo na huɗu tana kwance cikin dogayen furannin rawaya a bayan wani shinge, tana kallon bayan rumbun Dattijo Elihu. A ƙarƙashin 'yan itatuwan tuffa ga wani ƙaton gungume a tsaye, an rufe kansa da katako, an shafe jikinsa kaf da sabuwar laka, an bar ƙaramar ƙofa. Ƙudan suna shiga suna fita.

Ta daɗe a kwance. Taku ashirin ne tsakaninta da gungumen. Amma in ta tsallaka shingen ita ce ɓarauniya, in ta faɗa da bakinta ba mai rubutawa, in kuwa Elihu ya ji ƙishin-ƙishin, kafin gari ya waye gungumen ya zama toka. Ta ja da baya da rarrafe.

Ta tarar da Suki a kan tebur tana murza ƙullun waina, fuska duk gari. Ta rungume ta har yarinyar ta ce ana matse ta. Da ta gaya wa Keziah abin da ta gani, matar ta zauna daɓas a kan benci, ta ce wato damben ran Asabar wasan kwaikwayo ne, kura da kare sun raba rawa don su haɗu a bayan gari. Ta so ta ɗauki bindiga a lokacin. Mahala ta ce a'a. Abu biyu take roƙo: Keziah ta sa alƙali ya zauna a bakin kututturen ba a masauki ba, Baba Lemuel kuma ya kwana biyu bai sha giya ba.

* * *

Ran Alhamis rana ta fito tas, ba iska. Alƙalin, wani gajeren mutum mai fama da ciwon ƙafa, ya zauna a kujerar da aka ɗauko masa, Keziah ta riga ta cika shi da waina da zuma har ya yarda zaman waje ya fi lafiya. 'Yan Kudu suka tsaya kudu, 'yan Arewa arewa. Garland ya rantse iyaka rafi ce. Elihu ya tashi ya ce da baƙin ciki yake faɗa, shi dai ya san akwai wani tabo a jikin itacen, amma ba zai iya rantsuwa cewa alamar masu awo ce ba. Aka kawo maganar tukunyar taba, Baba Lemuel ya ce a mayar masa da abarsa in an gama kallo.

Mahala ta matso, Suki riƙe da zanenta. Garland ya ce doka ba ta jin bakinta. Alƙalin ya ce haka ne, ba shi ya rubuta dokar ba, amma haka ne.

"Ranka ya daɗe, ba shaida zan ba da ba," in ji Mahala. "Zuma zan ba ƙuda. Akwai dokar da ta hana?"

Aka yi 'yar dariya a ɓangarorin biyu. Alƙalin ya ce bai san da ita ba.

Ta ɗora akwatin a kan kututturen. Baba Lemuel, da wankakkiyar fuska, shi ya yi bayani da bakinsa na fari wanda doka ke ji: babu kaki a toka, an yi yanka biyu, ƙudan sun ƙaru maimakon su ragu. Kogon yana nan da rai, alamar kuwa a jikin kogon take. Mahala ta barbaɗa gari. Fararen ƙudan suka tashi, suka kewaya bisa kawunan mutane, suka miƙe arewa maso gabas. Duk wanda ke wurin ya taɓa bin zuma ko ya ga an bi. Ba a ce kowa ya tashi ba, kowa ya tashi. Aka ɗora alƙali a kan alfadari.

A tsayawa ta biyu Elihu ya tuna yana da saniya mai naƙuda, ya ce bari ya yi gaba. Keziah ta saƙala hannunta a nasa.

"Haba Dattijo, ka bar tsohuwa ta yi tuntuɓe? Saniya ta san aikinta."

A tsayawa ta huɗu ba a buƙaci akwati ba. Mutum arba'in suka jeru a shinge suna kallon fararen ƙuda suna sauka a bakin gungumen da aka shafe da laka. Elihu ya ce amya ce ya saya a hannun wani matafiyi. Baba Lemuel ya kunna tsumma ya yi wa ƙofar hayaƙi, ya toshe ta da ganye, ya zaro wuƙa ya fara kankare lakar. Ta zubo ɓangare-ɓangare. Ga feren masu awo, ya yi furfura don tsufa, ga harafinsu da lambarsu.

Alƙalin ya juya wurin Garland ya ce ya cire safar hannunsa. Tafukan duk bororon jan zarto ne da suka fashe. Garland ya dubi Elihu, fuskarsa ta yi ja.

"Ce maka na yi ka ƙona shi, tsohon marowaci. Ka ƙona shi duka."

Elihu ya sunkuyar da kai. Da ƙyar aka ji muryarsa. Ya ce amya ce mai rai, cike da zuma, ga sanyi na tafe. Zunubi ne a ƙona irin wannan.

"Ka ji tausayin ƙuda," in ji Keziah, ta saki hannunsa kamar ta taɓa abin ƙyama. "Ita wannan fa?" Ta nuna Suki.

Elihu bai ɗago kai ba.

Garland bai saduda ba tukuna. Ya ce to an ga alama, amma wa ya ce daga wancan kututturen aka yanko ta? Itace itace ne. Wataƙila daga bakin rafi ta fito, inda shi ya ce iyaka take.

Alƙalin ya ce a kai a gwada. Gungumen ya fi ƙarfin mutum huɗu. Aka zura sanduna biyu a ƙarƙashinsa, mutum takwas suka kama, kuma da aka zo ɗagawa ba wanda ya tsaya tambayar na gefensa daga ina ya zo, tsawo kawai aka duba don kafaɗu su daidaita. Suna tafe suna nishi suna zagin nauyinsa, ƙudan na gunaguni a ciki.

Aka ɗora shi a kan kututturen, aka juya kaɗan, aka sake juyawa. Ya zauna daram, karkacewa ta shiga karkacewa. Garland ya buɗe baki zai ce wani abu. Mahala ta kama hannun Keziah ta kai shi gefen itacen da ke kallon ɗakinta, ta ɗora yatsun matar a kan ɓawon. Keziah ta shafa, ta sunkuya ta duba, sannan ta kira alƙali ta faɗa da nata bakin. 'Yan tsage uku ne na wuƙa, ɗaya bisa ɗaya a layi guda: na ƙasa a jikin kututturen, biyu na sama a jikin gungumen, zarto ya bi ta tsakaninsu. Ta ce ita shaida ce, tana wurin aka yi na farkon, ranar da yarinyar nan ta cika shekara ɗaya aka tsayar da ita a jikin itacen aka auna tsawonta.

Alƙalin ya cire tabarau ya goge. Ya ce iyaka tana inda masu awo suka sa ta, gidan yana arewa da ita, matar nan da 'yarta ba kayan kowa ba ne. Maganar sare itacen gwamnati kuwa, mutum biyu za su bi shi gari su yi masa bayani.

Ba a yi guɗa ba. Mutane suka tsaya suna kallon ƙasa, kowane ɓangare da ɗan'uwan da zai ji kunyarsa. Maƙerin gari, ɗan Arewa, ya ce zai ƙera maɗaurin ƙarfe a haɗe gungumen da kututturen. Wani ɗan Kudu ya ce yana da ƙarfen tsohuwar ƙafar keke, a zo a ɗauka. Baba Lemuel ya zare ganyen da ya toshe ƙofar. Ƙudan da suka kwana huɗu suna kewaya iska suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka shige.

Mahala ta ce Suki ta cire takalmi ta tsaya a jikin itacen, duga-dugai a haɗe, ban da ɗage. Saura sati biyu ta cika huɗu, amma uwar ba ta ga dalilin jira ba. Ta ɗora wuƙa a kan gashin yarinyar, ta yi tsaga ta huɗu.

Suki ta juyo ta duba, ta ce ai ta gaya mata ta girma, a daina goya ta.

"Na ji," in ji Mahala. "Yi gaba, ina bayanki."

Yarinyar ta ruga gida ita kaɗai, taku ɗari biyu, uwar na tafe a hankali tana kallonta.